Kwakwar da Domitila Ta Hana a Taɓa

Sana'ata hawan kwakwa ce, ko in ce ita ce sana'ata kafin tumbi ya shiga tsakanina da itace. A garinmu Barra Dormida babu bishiyar da ban runguma ba, har matata takan ce da ita nake runguma haka, da yanzu 'ya'yanmu sun cika coci. Guda ɗaya ce ta gagare ni, kuma ba don tsayinta ba. Matar yayana ce ta hana, Domitila Noyola, wadda duk gari ke kira Doña Tila, ni kaɗai nake ce mata "matata" in ina jin ƙaiƙayin a zage ni.

Daga wani ƙauyen kan dutse bayan garin Pinotepa aka kawo ta gidanmu, ina ɗan ƙarami, tana tsoron ruwa kamar kyanwa. Yayana Nabor masunci ne. Ya gina mata ɗaki a kan harshen yashin da ya raba tafkinmu da teku, ruwa a gaba ruwa a baya, wai don ta saba. Har yau ba ta taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Amma ta iya feɗe kifi fiye da matan da aka haifa a bakin ruwa. Ta kafa rumfar ganyen kwakwa, ta yi shekaru tana gasa kifi da barkono da gurasar masara tana sayar wa 'yan birni masu zuwa wanka ranar Lahadi. Hannunta yana da nauyi wajen gishiri, bakinta ya fi. In na tsokane ta sai ta ce, "Bulmaro, ni na yi maka tsarki kana tsala ihu, kada ka kawo mini iyayi."

'Ya'yanta uku: Herlinda, Amada, sai auta Isauro. A wajenmu in cibiyar jariri ta faɗi ba a yar da ita. Uba yakan haƙa rami ya binne ta, ya ɗora kwakwa mai tsiro a kai, bishiyar ta tashi tare da yaro ta zama tasa. Tsofaffi suna cewa duk inda mutum ya shiga a duniya, muddin bishiyarsa tana tsaye, tana jansa gida. Nabor ya shuka na 'yan matan a bayan ɗaki. Ta Isauro kuwa ya kai ta can ƙarshen yashi ita kaɗai, inda za ta riƙa jin tafki da kunne ɗaya teku da ɗaya, don yana son yaron ya gaje shi.

Ya gaje shi ɗin, na ɗan lokaci. Ciwo ya ɗauke Nabor, kifi ya ja baya, injin kwalekwale ya mutu, sai Isauro ya yi abin da rabin samarinmu suka yi, ya ƙetara Arewa, ƙasar Amurka, ba takardu. Ya ce shekara biyu zai yi. Yanzu babban ɗansa a can ya fara gemu. Wanda ya shiga ba takardu ƙofa ɗaya gare shi: in ya fito, ya fito ke nan, matarsa da 'ya'yansa suna wancan gefe. Yana kira duk Lahadi, kuma duk hira da magana ɗaya take ƙarewa. "Baɗi, Mama, in Allah ya yarda, lokacin bikin Budurwa Mai Tsarki a coci."

Tun ranar da ya tafi Doña Tila ta kafa doka, wadda ta zo da ita daga mutanenta na kan dutse: ƙarfe ba ya taɓa bishiyar matafiyi. Ba adda, ba wuƙa, ko ƙusa. Busassun ganye suka yi ta reto a wuyan kwakwar kamar gemun mahaukaci, 'ya'yanta sai sun ga dama su faɗo, ta tsince ta fasa a kan dutse ta cinye ita kaɗai. Da yamma in ta rufe rumfa takan taka har can da kwanon ruwan rijiya, ta zuba a gindinta, ta ba ta labarin gari, wa ya haihu, wa ya gudu da matar wa. Ta fi sakewa da bishiyar a kan yaron, don bishiya ba ta cewa lokacin komawa aiki ya yi.

Kowace damina in kogi ya cika tafki, maza sukan fita da shebur su yanka hanya a cikin yashi don ruwa ya fita teku. Mukan ce za mu buɗe wa tafki baki. Aikin rabin yini ne, da giya da tsegumi, bayansa kifi da jatan lande su shigo, daga baya teku ta sake toshe wurin da kanta. Yashi kuwa yana tafiya. Da can wurin da ya fi siranta yana nesa da kwakwar Isauro, amma shekara bayan shekara ya yi ta matsowa har ya zo gindinta. Muka riƙa zagayawa can gaba inda yashi ya fi faɗi, muna haƙa ninki biyu muna zagin juna, don kada ruwa ya ci saiwar bishiyar tsohuwa.

Guguwar da ta kawo ƙarshen wannan zaman an haife ta ne can kudu, gaban gaɓar Guatemala, a ƙarshen damina lokacin da teku ke ɗumi kamar romo. Haka ake haihuwarsu duk shekara, wani tsumman hadari marar suna da ko rediyo ba ya kulawa. In ta sami ruwan ɗumi sai ta kama tsotso kamar jariri a nono, ta tara gajimare, ta soma juyi a kan kanta. A nan ne masu duban sama na birni suke raɗa mata suna, ba fadan coci ba ruwan baftisma. Sunan da suka ba wannan sunan surukata ne, don haka ba za ku ji shi a bakina ba, ina son in ci gaba da kwana a gida.

Yawancinsu 'yan wucewa ne. Su bi gefen gaɓa daga nesa, su aiko mana da ruwan sama, su karkata yamma su faɗa ruwan sanyi yunwa ta kashe su. Shi ya sa da rediyo ya ce ta girma, muka ce Allah ya raya. Da ya ce ta buɗe ido a tsakiyarta, muka ce barka da tashi. Teku ce ta fara gaya mana gaskiya. Sama tas, rana kamar ta dafa ƙwai, ko ganye ba ya motsi, amma igiyoyin ruwa suna zuwa dogaye, a hankali, kowace ta faɗi da nauyin da kake ji a ƙirjinka. Ƙaguwa suka bar ramukansu suka nufi tudu, wasu har cikin coci, abin da wasu mazan garin ba su yi ba tun ranar aurensu. Sai rediyo ya sauya murya. Ya ce ta daina bin gefe, ta juyo da fuskarta wajenmu, kuma tana ƙara ƙiba.

Aka ja kwalekwale aka cusa cikin itatuwan bakin tafki, aka ɗaure rufin ɗakuna da igiya. Mu masu hawa aka ce mu sauke duk kwakwar da ke kusa da gidaje, don a bakin irin wannan iska kwakwa harsashi ce, kuma bishiya mai nauyin kai ita ke fara karyewa. Har ni aka tono daga ritaya. Na gama da na Herlinda da Amada, ina haki kamar tsohon jaki, na sami Doña Tila tana ɗaure tukwanenta a buhu.

Na ce, "Matata, yau dai ki bar ni in yi wa saurayin nan naki aski."

"Da me?"

"Da haƙorana. Da adda mana."

"To mayar da ita inda ka ɗauko ta."

"Doña Tila, dubi kanta fa. Kaya kamar motar kasuwa. In iska ta same ta haka, daga tsakiya za ta ɓalle."

"Kai da bakinka ka ce iska. Iska ba ƙarfe ba ce."

"In na murɗe 'ya'yan da hannu fa, ɗaya bayan ɗaya?"

Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa, idonta ya tsaya a kan cikina. "Kai ne za ka kai can ƙololuwa ka saki hannu biyu kana murɗa? Bulmaro, makoki ɗaya ya ishe ni a gidanku."

Sojoji suka zo suka kwashe mutane zuwa makaranta, wadda ita kaɗai ce ginin siminti mai ɗan tudu a ƙarƙashinta. Herlinda ta ja uwarta kamar akuya ranar kasuwa. Tsohuwa ta zaɓi tagar da ke kallon bakin yashi ta zauna, ko da yake an rufe tagar da katako.

Da hantsi guguwar ta iso. Da fari iska ce mai zuwa ta tsaya, ta sake zuwa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Tsofaffin mata suka ƙona ganyen dabinon da fadan coci ya sa wa albarka, Doña Tila ta karɓi addata ta tsaya a bakin ƙofa tana saran iska da alamar gicciye don ta yanke ƙarfinta. Na ce mata ashe dai addar tana da amfani. Ta ce in matsa kada ta haɗa da ni. Bayan nan ba a ƙara jin maganar kowa ba. Ƙarar ba ta yi kama da iska ba, ta fi kama da jerin manyan motoci da ba su da ƙarshe suna bi ta kan rufi. Ruwa yana shigowa a kwance ta kowace kafa, da gishiri a cikinsa. Ta tsagar katako na ga kwanon rufin wani yana yawo a sama kamar takarda, na ga firjin mai kanti yana gangarawa kan titi shi kaɗai, na ga teku ta haye yashi tana wanke ƙofar gidajen da ba ta taɓa gaisarwa ba. Kunnuwa suka toshe.

Can sai komai ya tsaya cak, rana ta leƙo ta wani rami mai zagaye a sama, da bangon gajimare kewaye da mu kamar muna ƙasan rijiya. Idon guguwar ke nan. Sojoji suka ce kada kowa ya fita, rabinta ne ya wuce. Doña Tila ta ratsa ta ƙarƙashin hannun wani kofur kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya a kan matakala ta sa hannu a goshi. Na bi ta don in jawo ta. Can ƙarshen yashi, cikin farin kumfa, kwakwar tana tsaye.

Ta ce, "Ka gan ta?"

"Na gan ta. Mu koma, sauran dukan yana tafe."

Ya zo kuwa, ta ɗaya ɓangaren, ya kwantar da abin da na farko ya jingine. Sai la'asar iska ta fara sassautawa.

Da muka fito ban gane garin da aka haife ni ba. Rumfunan bakin teku babu ko sanda. Ɗakin Doña Tila bango huɗu ne da sama a kai, yashi ya cika shi har gwiwa, gadonta yana kan bishiyar mangwaron maƙwabta. Gonakin ayaba sun kwanta kamar an yi musu guga, turakun lantarki sun durƙusa, kifi matattu a tsakar coci. Kwakwar da muka sha wahalar yi wa aski, da yawa sun karye duk da haka. Ta Isauro kuwa ta ɗan karkata, iska ta fige mata tsohon gemunta, amma tana nan da koren kanta. Tsohuwa ba ta ko kalli ɗakinta ba. Ta bi ta cikin tarkace har gindin bishiyar, ta dafa ta da tafin hannu, ta juyo tana nemana da ido.

"Ina wanzamin?"

"Ga ni."

"A ba ka kujera ka zauna ka kalle ta da kyau?"

Na bar ta ta ci nasararta, ta cancanta. Amma duk wanda ya girma a nan ya san guguwa sau biyu take zuwa. Tana shiga ƙasa ta rabu da ruwan ɗumin da take sha, ta hau duwatsu ta farfashe, kafin ta kai tsakiyar ƙasa ta mutu, rediyo ma ya daina kiran sunanta. Sai dai duk tekun da ta sha a rayuwarta a kan duwatsun nan take amayar da ita, kuma hanyar ruwan dutse ɗaya ce, koginmu. Da ranta ta zo mana ta gaba, gawarta ta biyo ta baya.

Washegari sama ta washe, tafki kuwa ya kama tashi. Ruwa ja, mai kauri, ɗauke da itatuwa da kumburarrun shanu. Ya shiga layin baya, ya shiga rijiyoyi, ya hau matakalar makaranta inda aka tara tsofaffi da jarirai da ɗan masarar da aka tsirar. Shugaban gari, Don Rutilo, ya tara maza da shebur muka nufi inda muka saba buɗe baki. Muka tarar teku ta tula yashi da kututture a wurin, tudu ya fi tsayin mutum. Ko da mota mai haƙa sai an kwana ana yi, hanyar mota kuwa ta yanke. Muka juya muka dubi inda igiyoyi suka cinye yashi ya rage siriri, har yaro zai iya jefa dutse daga tafki zuwa teku. Kwakwar tana tsakiyarsa, Doña Tila tana zaune a gindinta a kan bokitin da ta kife. Ta riga mu lissafi.

Don Rutilo ya cire hula ya sosa kai. "Bulmaro, kai ne mai bakin. Je ka."

"Bakina na wasa ne, Don Rutilo."

"Yau ka yi aiki da shi."

Na je na tsuguna kusa da ita. Na nemi abin dariya a kaina, ban sami ko ɗaya ba.

Ta ce, "An aiko ka."

"An aiko ni."

"Ta tsaya wa iskar da ta ɗauke rufin coci, Bulmaro. Ita kaɗai, ba wanda ya taimake ta. Yanzu ku ku zo da shebur."

"Ba ita za mu taɓa ba. Gefenta za mu bi."

"Ni za ka yi wa wayo? Shekara nawa ina kallon bakin nan yana buɗewa? Ku yanka kamu ɗaya, ruwa ya mayar da shi kogi."



Ta ce, "Ka san abin da ake cewa a wajenmu? In bishiyar mutum ta faɗi yana nesa, hanya ta rufe masa. Inda ta same shi, nan zai zauna. In ya taso, ba ya isowa. Kawuna haka ya yi, daga gonakin rake ya taso, har yau yana hanya."

"Wannan a kan dutse ne, matar yaya. Nan bakin ruwa ne, dokarku ba ta iya iyo ba."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma zage ni ba, abin da ya fi tayar mini da hankali. Ta juya tana kallon gari. Daga nan ana hango makaranta, ana hango mata a tsaye cikin ruwa har cinya, suna miƙa wa juna yara ana ɗora su a kan rufi. Ba wadda ta kira ta. Matan da ta yi shekaru tana faɗa da su a kan kuɗin kifi, kowace ta san inda cibiyar nata ɗan take, kuma rabinsu 'ya'yansu suna Arewa. Suna dai aikinsu, wata ta ɗago ta kallo wajenmu ta sunkuyar da kai.

Doña Tila ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta miƙe ta ɗauki bokitinta.

"Ku haƙa. Amma in kun zo kan saiwarta ku ajiye shebur. Ƙarfe ba zai taɓa ta ba. In za ta tafi, ruwa ya ɗauke ta."

Haka muka yi, ba wanda ya ce ɓata lokaci ne. Muka faro daga bakin tafki da shebur, da muka fara cin karo da jajayen saiwoyi sai kowa ya jefar da nasa. Maza manya, har da sojoji biyu da ba su san dalili ba, muka durƙusa muna yaƙutar yashi da hannu, da ɓawon kwakwa, da filafilin kwalekwale na katako, muna ɗaga saiwa a hankali kamar masu gyara wa jariri kwanciya. Da muka wuce ta muka koma shebur har bakin teku.

Ruwan ya fara bi siriri, kamar an zubar da tulu. Ya yi kamar zai tsaya. Sai gefen ramin ya rufta, ɗaya gefen ya bi, muka ja da baya a guje. Kafin mutum ya sha kofi hanyar ta fi titi faɗi, jan ruwa yana ruri yana tura teku baya. Yashi ya yi ta zubewa daga ƙarƙashin kwakwar har saiwarta ta fito fili kamar gashin da ba a taje ba. Ba ta faɗi da ƙarfi ba. Ta sunkuya a hankali, ta tsaya, ta ƙara sunkuyawa, har kanta ya taɓa ruwa, sannan ruwan ya ɗauke ta gaba ɗaya ya juya ta ya fita da ita. Muka ga koren ganyenta yana nitsewa yana tasowa a bayan igiyoyi, har muka daina ganinsa. A gari aka fara ihun ruwa yana sauka. Doña Tila tana tsaye da bokiti a hannu, ba hawaye.

An kwana biyu kafin waya ta dawo, ita ma sai a kan tudun maƙabarta. Rabin gari suka hau can da rana tsaka, kowa ya ɗaga waya sama yana zagaya kaburbura, matattu ba su taɓa samun baƙi haka ba. Wayar Herlinda ta yi ƙara, Isauro ne. Ta buɗe lasifikar wayar don kunnen uwarta ya yi nauyi, saboda haka duk wanda ke kusa ya ji.

"Mama? Mama, kina nan?"

"Ina za ni? Kai ne mai tafiya."

Sai ƙaton mutum ya fashe da kuka kamar ranar da aka yaye shi. Ya ce a talabijin ya ga garin, ya ga rufin coci a cikin tafki, ya yi ta kira ba ta shiga, ko aiki ya kasa zuwa. Ya ce, "Na gama magana da uwar yara. Na yanki tikitin mota zuwa iyaka. Jibi zan taso, Mama. Ba baɗi ba. Jibi."

Herlinda ta toshe baki da hannu. Ni har na fara tunanin akuyar wa ta tsira da za mu yanka. Na dubi Doña Tila. Fuskarta ta buɗe kamar ta yarinya, na ga matar da aka kawo gidanmu ina ƙarami. Ta rufe ido ta riƙe abin a ranta na ɗan lokaci. Sannan ta buɗe.

"Ba za ka taso ba."

"Me kika ce?"

"Kwakwarka ta faɗi, Isauro. Ruwa ya tafi da ita. Ka zauna inda kake."

"Haba Mama, wannan ai zancen mutanen da ne."

"Mutanen da ne suka haife ka."

"Ɗakinki ba rufi, yanzun nan Herlinda ta turo mini hoto. Wa zai gyara miki?"

"Baffanka yana nan, ya ci abincina ya isa ya biya."

Na fizge wayar. "Isauro, baffanka ne. Kada ka saurare ta. Tawa kwakwar tsawa ta kashe ta tun kafin ka iya ɗaura wando, ga ni nan ina cin abinci sau uku. Hau motarka."

Doña Tila ta ce, "Kai ina ka taɓa zuwa? Pinotepa ma sai ka yi amai a mota."

Mutane suka yi dariya a tsakanin kaburbura. Ni ban yi ba. Ta karɓe wayar daga hannuna, ta kawo ta daf da bakinta.

"Ranar da za ka tafi ka durƙusa na sa maka albarkar hanya, ka isa lafiya. Wannan karon ba zan sa ba. In ka hau motar nan, ka hau ba da albarkata ba. Ka ji ni?"

A bayan Isauro muka ji muryar wata yarinya tana tambayarsa wani abu da Turanci. Ya ja dogon numfashi, kuma har yau ban san ko na baƙin ciki ne ko na wanda aka sauke wa kaya ba. Wataƙila shi ma bai sani ba.

"To, Mama."

"Yawwa. Ka gaishe da yaran. Ka sa riga mai kauri, an ce sanyinku ya kusa."

Ta miƙa wa Herlinda wayar ta kama gangara. Na bi ta, ina tuntuɓe da gicciyen mutane. Ban taɓa jin haushinta irin na ranar ba.

Na ce, "Domitila." Ban taɓa kiranta da sunanta tsirara ba, har ta tsaya. "Shekara da shekaru kina jiran maganar nan. Yau ta zo, kin kore ta."

"Ban kore ta ba. Na ji ta." Ta gyara mayafinta. "Kai ma kana wurin. Ya yanki tikiti. Ya ce jibi."

"Amma ba zai zo ba."

"Ba zai zo ba."

Muka ci gaba da sauka. Ƙasa da mu bakin yana nan a buɗe, ruwan tafki ya fara washewa, samari sun riga sun fito da taru suna jiran kifin da zai shigo. Ta kama hannuna a wurin da gangaren ya yi santsi, abin da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma saki ba bayan mun wuce shi.

Ta ce, "Ka lura da muryarsa? Da yana kuka ban ji ba, sai da ya ce to. Ta koma ta Nabor sak. Yaushe ta koma haka, Bulmaro?"